Akwatin da Muka Sayo a Sawakin

Mun daɗe a gonakin audugar Sudan kafin idonmu ya ga teku. Ni ina tsinkar auduga, maigidana yana gyaran takalma da sirdi a gindin wata bishiya a bakin kasuwa. Baduku ne tun kaka da kakanni, mutumin ƙasar Gumel, kuma har yau da na tsufa bakina bai iya faɗin sunansa ba. Baduku kowa ke ce masa, ni kuwa Maigida nake cewa. Ni sunana Dije. Abin da ya fito da mu shi ne abin da ya fito da duk waɗanda muka tarar a hanya: mu sauke farali mu koma gida. Wannan kuwa da 'yan shekaru ne kafin babban yaƙin Turawa na biyu.

A Sawakin, bakin ruwan da ake shiga jirgi, muka haɗu da wani dillali mai suna Tanko. Bahaushe ne, fari, mai sanyin murya. Da ya ji mu mutanen Gumel ne sai ya dafe ƙirji ya ce uwarsa ma daga wajejen take. Ya sama mana inuwa, ya kawo mana shayi, har ya ba ni ɗan ƙullin daddawa. Na shinshina ta sai da hawaye ya zubo mini.

Da yamma ya zauna kusa da Maigida ya ce, “Baduku, kuɗin nan da ka tara, in ka ƙetare da su 'yan canji za su cinye maka rabi kana kallo. Mai hankali kaya yake saye, mara nauyi, wanda ba ya ruɓewa.”

Maigida ya ce, “Kamar me?”

Ya jawo wani akwatin ƙarfe ya buɗe. Cike yake da wasu 'yan littattafai ƙanana, kowanne faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, bangonsu kore, da hoton barewa a tsaye. Ya zaro takarda ɗaya daga ciki ya miƙo mini. Fara sol, siririya kamar ɓawon albasa.

“Takardar naɗin taba ke nan,” in ji shi. “Mutanen can ba su damu da lofe ba, naɗawa suke yi. A Makka rububinta ake yi.”

Maigida ya ɓata rai. “Taba kuma? Ɗakin Allah fa za mu.”

“Wa ya ce ka ɗauki taba? Takarda ce. Abin da mai saye ya naɗe a ciki tsakaninsa da Ubangijinsa.”

Muka dubi juna ni da Maigida. Maganar ta shige mu. Bayan kuɗin jirgi, duk abin da muka tara a gonakin auduga ya koma cikin akwatin nan.

Jirgin da muka shiga na katako ne, iska ke tura shi, sambuk suke ce masa. An cusa mu kamar tumaki. Na yi amai har na daina sanin inda kaina yake, ruwan teku kuma yana fallatsowa yana kwanciya a ƙasan jirgin, inda akwatinmu yake. Mai jirgin ya yi alkawarin kai mu Jidda, amma da gari ya waye wata rana sai ya tsaya a wani bakin gaɓa inda babu gida babu bishiya, ya ce mu sauka, Jidda ga ta can bayan tudu. Muka sauka cikin ruwa har ƙugu. Bayan tudun babu komai sai wani tudun.

A tafiyar nan ce ƙafar Maigida ta kumbura. Kurkunu ne, tun daga ruwan Sudan ya kwaso shi. Da ya kasa ɗaukar akwatin sai na naɗa gammo na ɗora a kaina. Ƙishirwa ta kai mu har harshe ya manne. Ba zan manta da wata Balarabiyar daji da muka tarar tana kiwon awaki ba. Ba ta jin maganarmu, ba ma jin tata. Ta dubi ƙafarsa, ta dubi leɓena, ta durƙusa ta tatso nono a wata ƙwarya ta katako ta miƙo mini. Na ba Maigida, ta girgiza kai ta nuna ni, wai ni mai kaya zan fara sha. Sannan ta nuna mana hanyar rijiya da sandarta.

Da muka shiga Makka muka yi ɗawafi, Maigida yana jan ƙafa yana kuka kamar yaro, sai aka nuna mana unguwar mutanenmu a wajejen Jarwal. Bukkoki ne na garwa da tsumma a jikin dutse. Wata tsohuwa Basakkwaciya, Inna Yalwa, ta ba mu rabin rumfarta ba tare da ta tambaye mu ko sisi ba.

Washegari Maigida ya rarrafa bakin hanya ya shimfiɗa tabarma, ya jera littattafan nan kore shar. Bai gama jerawa ba Inna Yalwa ta fito da gudu ta kife zanenta a kansu.

“Kai, ɗan nan! Kashe kanka za ka yi? Wa ya gaya maka ana baza wannan a fili garin ga? Ko hayaƙi anka gani bakin mutum bisa hanya, masu sanda na nan. Kwashe maza!”

Muka kwashe muka shige rumfa. A nan ta gaya mana cewa masu sha suna nan da yawa, amma a cikin gida, ƙofa a rufe, kuma kowa yana da wanda yake saye a wurinsa a asirce. Baƙo ba ya samun shiga. Maigida ya juye akwatin gaba ɗaya don ya ga iyakar asararmu. Ashe mai barewar jeri biyu ne kawai a sama. Ƙarƙashinsu wata iri ce mai jan bango da hoton zakara, takardarta kauri gare ta kuma ba ta da haske. Na can ƙasa kuwa ruwan teku ya shige su, sun manne sun zama kamar tubali.

Maigida ya ƙura wa tulin littattafan ido. Can ya ce, “Dije, kawo wuta. Alhakin abin da muka ɗauko ne yake bin mu.”

Na ce, “Maigida, in ka ƙone wannan, gumin bayana ka ƙone. Ka bar shi a nan ƙarƙashin tabarma, ba ya cin abinci.”

Ya juya fuska ga bango. Zazzaɓi ya rufe shi, ƙafa ta fashe, ya kwanta kwanciya mai tsawo.

Inna Yalwa ce ta sa ni a wankau. Mukan shiga dogayen benayen cikin gari masu tagogin katako, mu karɓo kaya mu wanke mu mayar. A haka na tsinci Larabcin da nake yi, na kasuwa da bakin murhu. A cikin gidajen da nake zuwa akwai na wata tsohuwa da ake kira Sitti Nazira, a hawa na can sama. Mutuniyar Sham ce, daga garin Halab. Mijinta ma'aikaci ne a zamanin Turkawa. Ya rasu a Makka, Turkawa suka tafi, ita ta zauna, ba ɗa ba jika, tana cin hayar ɗakunan ƙasa lokacin aikin hajji. Tun wankin farko na ji warin taba a mayafinta, na kuma ga 'yan ƙananan ƙuna a gaban rigunanta.

Na daɗe ina jan ƙafa. Ranar da garin da ke rumfarmu ya ƙare, sai na soke mai barewa ɗaya a bakin zane. Da na ajiye mata wankinta, na ɗora shi a kai na koma gefe.

Ta ɗauka, hannunta yana rawa, don tana da ciwon karkarwa. Ta zaro takarda ɗaya ta ɗaga ta saitin taga. Ta daɗe tana kallo.

“Ya Hadija, ina kika samo wannan?”

Na gaya mata komai, da guntun Larabcina da nuni da hannu. Da na zo kan mai zakara sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta.

“Mai zakara! Wannan ai ko 'yan dako ba sa so. Tana ci kamar tsumma, ga ɗaci. Zo nan, ki duba.”

Ta sa na leƙa takardar a cikin haske. Sai ga wasu layuka sirara a jikinta da wata 'yar barewa a ɓoye, wadda ba a gani sai an ɗaga. Ta ce wannan ita ce shaidar ta gaskiya. Sannan ta nuna mini gefe ɗaya mai ɗan sheƙi, ta ce in lasa. Na lasa, sai na ce, “Ƙaro!” Ɗanɗanon da na sani ne tun ina yarinya, muna ɓamɓaro shi a jikin dakwara a dajin garinmu muna tauna. Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba.

Tun daga ranar ta saye mai barewa duka, ta kuma ce tunda hannunta ya daina yi mata biyayya, in riƙa naɗa mata. Ita ta koya mini. Kullum in na kawo wanki sai mu rufe taga, ta baje tabarta a faranti, ina naɗi tana ba ni labari. Ashe ubanta sana'arsa ke nan a Halab. Manyan takardu ake kawo masa ta jirgin ruwa daga ƙasashen Faransa da Italiya, shi kuma ya yanka, ya ninke, ya sa bango. Ta ce a zamanin kakanta ba a san wannan ba, lofe mai dogon wuya ake sha da shisha. Sojoji ne suka yaɗa naɗi, don ba su da lokacin zama su hura lofe, kowace takarda suka samu sai su naɗe. Daga baya masu yin takarda suka gane akwai kasuwa, suka shiga yin ta musamman daga tsummokaran lilin da rama, wata kuma a ce ta shinkafa ce saboda farinta. Da yake yawancin masu saye ba su iya karatu ba, sai kowane ɗan kasuwa ya zaɓi hotonsa: mai barewa, mai jirgin ruwa, mai tauraro, mai doki. Ta ce har waƙa ake rubutawa a bayan bango, wai ka sayi ta ɗan ƙasarka ka bar ta baƙo, alhali duk daga waje takardar ta zo.

“Ta babana mai fitila ce,” in ji ta. “Ni nake shafa wa bangon manne ina ƙarama. Yau ko ɗaya ba ni da shi.”

Ita ce ta ce mini babban aibin mai zakara shi ne ba ta da ƙaro, sai mutum ya jiƙe ta da yawu ta yage. In an sa mata, talaka zai saya. Na sayo ƙaro wurin mutanen Sudan, na jiƙa, na tace, na zauna a rumfa da gashin kaza ina shafawa. Hannuna ya saba da taɓarya, ba da wannan ba. Wata ta yi yawa, wata ta karkace. Maigida yana kwance yana kallona ta gefen ido. Da ɓarnar ta ishe shi sai ya tashi zaune.

“Ba haka ake jan layi ba. Miƙo nan.”

Ya jera takardun a kan allo kamar matakala, kowace ta leƙo kaɗan, ya ja gashin sau ɗaya ya shafe su duka. Bayan kwana kaɗan na dawo na tarar ya samo guntayen fata ya ɗinka 'yar batta mai aljihu biyu, ɗaya na taba ɗaya na takarda, ya yi mata ado irin na gida. Ya miƙo mini yana kallon wani wuri.

“Ki kai wa tsohuwarki. Fata dai ba haramun ba ce.”

Battar nan ce ta buɗe mana ƙofofi. Sitti ta nuna wa ƙawayenta, su kuma suka nuna wa mazansu. Nakan shiga gida da ƙullin wanki, a tsakiyarsa batta da takarda, in fito da wani ƙullin. Da akwatin ya yi ƙasa, Sitti ta haɗa ni da wani ɗan garinsu mai kanti a Jidda, yana aiko mini da takarda iri-iri ta hannun masu raƙuma. Na san su duka da taɓi: mai jirgin ruwa tana ci a hankali, ta manyan mutane ce, mai tauraro takan mutu in an ajiye ta, matafiya ke son ta.

A shekarar muka tsaya Arfa. Maigida ya hau da sanda, ya ɗaga hannu tun rana tana tsaka har ta faɗi. Da muka sauko ya ce, “Baɗi war haka muna Gumel.” Baɗi ta zo ina da ciki. Na haifi 'yarmu Habiba, muka ce sai ta yi ƙwari. Kafin ta yi ƙwari yaƙi ya tashi.

Waɗanda ba su ga Makka a shekarun yaƙin nan ba ba za su gane ba. Jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci, ɗakunan Sitti suka zauna babu kowa. Hatsi ya yi wuya. Takardar taba kuwa ta ɓace ɗungurungum, don ƙasashen da ke yin ta su ne ke cikin wutar. Manyan mutane suka koma yage takardar ƙunshin sukari. Sai na tuna da waɗanda ruwan teku ya manne, da ke ƙarƙashin tabarma tun zuwanmu. Na ɗora madambaci na turara su, Maigida yana ɓantarowa ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙarsa, muna shanyawa. Sun yi rawaya, ga gishiri, amma hannu bibbiyu aka riƙa karɓa. Su suka ciyar da mu har da Inna Yalwa na wani lokaci. Da suka ƙare na kai wa Sitti ɓawon masara mai laushi, na ce haka tsofaffin garinmu suke naɗawa. Ta zuƙa, ta yamutsa fuska, ta ce, “Mutanenku suna da haƙuri.” Amma ta shanye.

Ana cikin wannan hali tari ya kama Maigida. Jikin da ma bai gama komawa daidai ba, ga yunwa. Ranar da zai rasu ya ce in dama masa kunun tsamiya. Babu gero, na dama da garin alkama. Ya kurɓa ya ce, “Bai yi ba, Dije, amma an gode.” Kafin la'asar ya cika.

Ba mu da abin sayen likkafani, kuma yadi a lokacin sai mai hali. Maza suna tsaye a ƙofar rumfa suna shawara, Inna Yalwa tana cewa a haɗa zannuwanmu a wanke, sai muka ji hayaniyar yara. Na leƙa. Sitti Nazira ce a kan jaki, wani mai ɗebo ruwa yana riƙe da ita, tana hawowa cikin duwatsun unguwarmu. Matar da ta yi shekaru ba ta sauko daga benenta ba. Aka sauke ta, ta shigo tana haki, ta ɗora mini wani farin ƙunshi a cinya.

“Nawa ne. Tun mijina yana da rai na wanke shi da Zamzam na ajiye. Ku sa masa.”

Na ce, “Sitti, ke fa?”

“Ni ban mutu ba tukuna. Yi sauri, rana tana tafiya.”

A cikinsa aka binne Maigida. Ta zauna tare da mu a kan tabarma har aka dawo daga maƙabarta, ba ta jin abin da matan ke faɗi, tana dai riƙe da Habiba.

Bayan yaƙi takarda ta dawo, amma kasuwarta ba ta dawo kamar da ba. Kuɗi suka shigo ƙasar, motoci suka yi yawa, aka fara kawo sigari naɗaɗɗe a cikin kwali da gwangwani. Samari suka ce naɗi aikin tsofaffi ne. Mai barewa ta daina zuwa, mai jirgin ruwa aka canza mata takarda aka bar hoton. Na koma sayar da ƙosai da waina ga alhazai, na samu ɗaki a unguwar Zahir. Gida ɗaya kawai ban daina zuwa naɗi ba. A lokacin kuma mutanenmu sun fara komawa gida a manyan motoci ta Sudan. Duk ayarin da zai tashi sai na raka su, in ba da saƙon gaisuwa, in dawo. Ina cewa sai Habiba ta ƙara girma, amma gaskiyar magana ban ga wanda zan bar wa kabarin nan ba, ban kuma ga wanda zan bar wa tsohuwar nan ba.

Ashe ita ce za ta riga ni tafiya. Wata shekara ɗan ƙanenta ya zo aikin hajji daga Halab, ya nemo ta, ya ga halin da take ciki, ya rantse ba zai koma ba sai da ita. Ta ƙi, ta yi faɗa, daga baya ta sakko. Ta ce mini tana so ta ga ko gidan ubanta yana nan.

Ranar tafiya na je tun da hantsi. Ɗan ƙanen ya kawo mata sigarin gwangwani don hanya, ta ture shi gefe ta ce in zauna. Na naɗa mata har na cika wani ɗan kwando, tana kallon hannuna. Da aka yi kiran azahar aka sauko da ita a kan kujera, aka sa ta a mota. Na tsaya a jikin tagar ina neman abin da zan faɗa da Larabci, duk ya gudu.

Ta miƙo hannunta mai rawa ta kama nawa. Duk zamanmu ban taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakinta ba, ban ma san tana saurare ba in ina yi wa Habiba magana. Sai ta ce, a hankali, tana lalubo kowace kalma:

“Dije. Sannu da wahala. Sai wata rana.”

Motar ta tashi. Na bi ta da ido har ta sha kwana wajen hanyar Jidda. Habiba, wadda a lokacin ta fara zama budurwa, ta ja mini mayafi ta tambaye ni da Larabci ko mu ma wata rana za mu tafi garinmu. Na ce mata da Hausa, “Mu je gida tukuna, wake yana jiƙe.” Muka kama hanyar Zahir.